Na Sa Baba Ya Sayar da Garkarsa

Assalamu alaikum masu shirya wannan mujalla da masu karanta ta. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa, yau dai na daure. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da nawa, don waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu, wasu ma muna haɗuwa da su a hanya.

A lokacin da abin ya faru, ni mace ce mai ji da kanta. Ina sayar da atamfa da leshi a babbar kasuwar Maradi, shekarata goma sha biyu a rumfa ɗaya, kuma abokan sana'a sun san ni da baki da iya ciniki. In aka miƙo mini yadi, ko ban warware shi ba na san na gaske ne ko jabu. Wannan ya sa na ɗauka babu mahalukin da ya isa ya yi mini wayo. Mijina direban babbar mota ne, sai ya yi wata guda a hanyar Kwatano bai kwana gida ba, don haka kusan kowace shawara ni ke yanke ta. Muna haya a unguwar Zariya, ɗaki biyu, mu da yaranmu huɗu. Mahaifiyata ta rasu tun ina budurwa, ƙannena mata biyu suna aure nesa, sai ya zama ni kaɗai ce kusa da Baba.

Baba manomin garka ne a Jiratawa. Garkar ta gado ce tun daga kakansa, da rijiyarta, da itatuwan mangwaro, da zogale, da albasa da tattasai gwargwadon lokaci. Da ita ya ciyar da mu, da ita ya yi mana kayan ɗaki mu uku. Da girma ya zo sai ciwon suga ya kama shi, ya fitar masa da gyambo a ƙafa, aka ce sai an riƙa wanke masa a asibiti sau biyu a sati. In ya hau kabu-kabu daga Jiratawa, kafin ya iso ƙafar ta kumbura, yana cije baki don kada in gani. Na yi, na yi ya dawo wurina, ya ƙi. Ya ce shi ba zai kwana a gidan suruki ba, ya tashi da safe su yi karo a ƙofar bayi. Duk wanda ya san dattawanmu ya san wannan magana ba ta sauyawa. Daga nan dabara ta zo mini: a sayar da garka, a sayi gida a Maradi da kuɗinsa, ya zama mu ne ke zaune a gidansa, ba shi ke zaune a namu ba.

Wata uku ina bin sa da maganar nan. Kullum amsarsa ɗaya, wai shi bai san abin da zai yi da safiya ba in babu garka. Na yi lallashi, na yi fushi, na yi kuka, har na ce masa ya fi son ƙasa da ransa. Ranar da ya gaji ya dube ni ya ce, “In hakan kinka gani, ɗiyata, a yi.” Na tashi ina murna kamar na ci wata nasara.

Bayan an sayar da garkar, maƙwabciyar rumfata ce ta haɗa ni da wani dillalin gidaje. Yana da rumfa a bakin titi da benci biyu da allo, wayoyinsa uku. Gaskiya ban taɓa ganin mai iya karɓar mutum kamarsa ba. Kafin in zauna ruwan sanyi ya iso. Hajiya yake kirana, ni da ko filin jirgi ban taɓa takawa ba. In na kira shi, bugu ɗaya ya ɗauka. Da ya ji Baba na asibiti, sai ga shi da ledar lemu, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi. Tun ranar farko kuwa ya kafa mini sharaɗi ɗaya: duk gidan da ya nuna mini, kada in koma ni kaɗai, kada in nemi mai gidan, kada in yi magana da maƙwabta. Ya ce mutanen yanzu ba su da amana, sai ka sha rana ka nuna musu gida su zagaye ka su gama da mai shi, ka tashi babu la'ada. Ni 'yar kasuwa ce, na san munin zagaye, a wurinmu wanda ya yi shi ba ya sake ɗaga kai. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ni ba irin waɗannan ba ce.

Gida na huɗu da ya nuna mini shi ya shiga raina. A Zariyar ne, ginin siminti, ɗaki huɗu, da famfo da wuta, da wani ɗaki kusa da zaure mai bayinsa daban, kamar don Baba aka gina shi. Wata rana ina dawowa daga suna, sai ƙafata ta ja ni layin don in sake ganin ƙofar. Wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli a gidan da ke kallonsa ta yafuto ni. Bayan mun gaisa ta tambaye ni ko ni ce mai sayen gidan marigayi, na ce e. Sai ta ce, “To kun gana da ɗiyan duka kuwa?” Na ce dillali ne ke tsaye a kan komai. Ta buɗe baki za ta ƙara magana, ni kuwa na tuna alkawarina, na yi mata sallama na wuce da sauri kamar wadda aka kama da sata.

Duk da haka maganar ta tsaya mini, da yamma na kira shi na tambaye shi. Ranar na ji wata murya da ban san shi da ita ba. Ya ce ashe abin da yake gudu ya faru, na fara bin bayansa. Ya ce shi ya ɗauke ni 'yar mutunci, in la'adarsa ce ta tsone mini ido in faɗa masa, ga wani Alhaji can yana jiran gidan da kuɗi a hannu. Kunya ta rufe ni. Maimakon in ce ya amsa mini tambayata, sai na koma ba shi haƙuri, ina rantsuwa ba da nufi na bi layin ba. Da ya huce ya ce tsohuwar nan hassada ce ke damunta, ɗanta ya so gidan bai samu ba. Na yarda, don ina son in yarda. Mijina ya ce mini ta waya in jira ya dawo, saura kwana goma. Na ce kafin kwana goma Alhajin ya ɗauke gida.

Sau ɗaya na ga mai sayarwar, ranar biya, a rumfar dillali. Magidanci ne mai kimanin shekara arba'in, ya sha shadda, amma bai yarda mun haɗa ido ba. Ya fito da takardar gida ta ainihi, da sunan mahaifinsa a kai. Dillali ya ce wannan ba komai ba ne, rabin gidajen garin nan haka suke, shi da kansa zai je meri, wato ofishin magajin gari, a sauya suna cikin sati biyu. Shaidu biyu ma shi ya kawo su. Baba yana zaune a gefe da sandarsa, da aka zo sa hannu sai ya tambaya a hankali ko an je wurin mai unguwa. Wallahi har yau in na tuna amsar da na ba shi sai in ji na tsani kaina. A gaban mutane na ce masa, Baba, nan birni ne, takarda ke magana. Ya sunkuyar da kai ya dangwala yatsa. Aka yi fatiha, aka ce Allah ya sa albarka.

Wata bakwai muka yi a gidan, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗinsu. Ƙafar Baba ta fara kamewa, yara suna kai masa abinci suna zama hira. Abin da ya sauya shi ne dillali. Wayar da ake ɗauka a bugu ɗaya ta koma sai in kira sau goma. In na je rumfa a ce ya fita. In na dace da shi, ko benci ba ya nuna mini, yana danna waya yana cewa Hajiya haƙuri, ana nan ana yi. Sati biyu ya zama wata biyu, ya zama wata shida, suna bai sauya ba. Na sha jinin jikina, amma na kasa faɗa wa kowa a gida, saboda ni na kafe.

Bayan babbar salla da kwana kaɗan, da hantsi, aka yi sallama. Namiji ɗaya da mata biyu. Namijin ya ce shi ne babban ɗan marigayi, daga Agadas ya zo, waɗannan ƙannensa ne, su biyar ne magada kuma ba a raba gado ba. Wanda ya sayar mana ƙanensu ne da suka bari yana gadin gida, tun da ya karɓi kuɗi ba wanda ya sake jin ɗuriyarsa, wasu na cewa ya haura Aljeriya. Mutumin bai yi mana tsawa ba. Da ya ga Baba zaune a ɗakin da nasa uban ya yi jinya, shi ma idonsa ya cika. Muka ɗunguma wurin mai unguwa. Dattijon ya saurare mu ya girgiza kai, ya ce da na tako ƙofarsa ko sau ɗaya, kafin in gama gaisuwa ya faɗa mini, don duk layin an san gidan gado ne. Maganar ta je kotu, aka ce ciniki bai yi ba, mu nemi haƙƙinmu wurin wanda ya sayar mana.

A can ne na ga abin da ban lura da shi ba ranar biya: sunan dillali ba ya ko'ina a takardar ciniki, ko a cikin shaidu. Ya tsaya ya ce shi haɗa mutane kawai yake yi, aikinsa ya ƙare ranar da aka shafa fatiha. Da muka fito na tare shi na tambaye shi ko bai ji tsoron Allah ba. Ya dube ni ido cikin ido ya ce, ke da kike 'yar kasuwa, unguwa duka ta san gidan gado ne, me ya hana ki tambaya? Ni da aka sani da baki, ranar juyawa kawai na yi na tafi.

Magadan sun yi mana adalci, suka ba mu wata uku. Muka koma haya. Baba ya ƙi bin mu kamar yadda ya ƙi da farko, gidansa na Jiratawa kuwa damina ta riga ta kayar da shi don ba kowa a ciki. Ƙanwarsa, gwaggona, ta ɗauke shi zuwa Tsibiri, ta kwashe buhunan hatsi daga wani ɗan ɗaki ta shimfiɗa masa katifa. Kowace Juma'a nakan je. Na so a ce ya zage ni ko ya ɗauke mini kai, da na ji sauƙi. Bai taɓa yi ba, sai dai ya tambaye ni kasuwa da yara.

Wata rana aka yi rasuwa a Jiratawa, ya ce in kai shi gaisuwa. A hanyar dawowa ya sa mai adaidaita ya tsaya daidai garkar. Ya sauko da sandarsa, ya tsaya a bakin shinge ya yi sallama, ya jira sai da aka ce ya shigo. Wanda ya saya mutumin kirki ne, ya tare shi da girmamawa. Baba ya bi fangalin albasa da kallo, ya fara cewa ruwan ya yi mata yawa, a rage, sai ya katse maganar ya ce a gafarce shi, mantawa ya yi. Da za mu tafi mutumin ya cika leda da mangwaro ya miƙo. Baba ya jingine sanda, ya sa hannu biyu ya karɓa, yana godiya yana sa albarka kamar wanda aka ba sadaka. Na juya baya na toshe bakina da mayafi. Har muka isa Tsibiri ledar na kan cinyarsa.

Wata huɗu bayan nan ciwon ya tashi gaba ɗaya. Kwana biyu kafin ya cika na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce, “Mi kinka yi mini? So kinka yi in warke.”

Na rubuto wannan ne don 'yan uwana masu neman gida ko fili. Ban ce duk dillalai haka suke ba, akwai masu tsoron Allah, kuma la'ada haƙƙinsu ce, a ba su. Amma tambayar maƙwabta ba zagaye ba ce, zuwa wurin mai unguwa ba cin amana ba ne. Duk dillalin da ya yi fushi don kun yi tambaya, ku tashi ku bar masa bencinsa, komai kyawun gidan. In takarda da sunan mamaci take, kada ku fitar da ko dala sai kun ga magada duka da idonku, kuma ku sa shi ma dillalin ya rubuta sunansa. Kada ruwan sanyi da kiran Hajiya su ɗauke muku hankali, na ga yadda suke ƙarewa. In kuwa dukiyar tsoho ce za a taɓa, ku saurare shi ko da maganarsa ta yi muku kama da ta ƙauye.

Ni ba jahilci ya kai ni ba, girman kai ne da kunyar da ba ta da wuri. Na so in kawo ubana kusa da asibiti, na ƙare da fitar da gawarsa daga ɗakin aro, a garin da ba nasa ba. Wanda duk ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.