Kwamfutar da Gwadabe Ya Ƙi Kashewa

Duk Bahaushen da ya zauna a unguwar Bani Malik ta Jidda ya san Gwadabe mai gyaran fanka, ya kuma san taurin kansa. Umara ta kawo shi Jidda yana saurayi, bai sake ganin gida ba. Ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba kafilin da zai tsaya masa, kullum yana bin lungu da jakar kayan aiki.

Matarsa Sadiyya zabiya ce, ita ke waƙa a bukukuwan matan Hausawa. Wata rana Gwadabe ya tsinto tsohuwar kwamfuta a bola, irin mai ƙatuwar ƙeyar nan, ya lallaɓa ta har ta tashi. Ya samo ɗan makirfo ya riƙa naɗar waƙoƙin Sadiyya a ciki, ita kuwa tana masa dariya wai ya mai da ita rediyo. Daga baya aka kama ta a hanyar biki saboda rashin takardar zama, aka mayar da ita Najeriya, ba ta shekara ba ta rasu. Abin da ta bar masa 'yarsu Najwa ce, sai muryar nan da ke cikin na'ura.

To, akwai ranar da kwamfutar ta ƙi tashi, sai da ya yini yana bubbuga ta. Tun daga nan bai ƙara kashe ta ba. Har batirin mota ya haɗa mata saboda ɗaukewar wuta. Shekara da shekaru tana gurnani a kusurwar ɗaki, iskar teku na cin ƙarfenta. Da ya dawo aiki zai zauna ya danna, muryar Sadiyya ta cika ɗakin.

Na'urar ba ta da inda za a soka filashi, kuma wa ya isa ya buɗe cikinta? Najwa ta yi magana har bakinta ya gaji.

"Baba, bari in kara wayata a jikin sifika kawai. Halas, an gama."

"A'a! Ƙarar fankar na'urar nan ta shiga muryar uwarki? Ki bari in samo kebul ɗin da ya dace."

Kebul dai har yau ana nemansa.

Sai rusau ya iso layinsu, dole su koma unguwar Khumra. Gwadabe ya hau bayan motar kaya ya rungume kwamfutar tana aiki, batirin na tsakanin ƙafafunsa. Sun kusa isa motar ta faɗa rami, wayar batir ta zame, gurnanin ya ɗauke.

A sabon ɗaki ya jona ya danna. Ƙas, ƙas, ƙas, sai shiru. Ya bubbuga, ya tofa addu'a, ya kai ta wurin masu gyara, suka ce faifan ciki ya mutu. Wallahi ko ranar da aka aiko da labarin rasuwar Sadiyya bai yi irin wannan kukan ba.

Ganin ya daina cin abinci, Najwa ta miƙa masa wayarta. Ashe da safen da za su tashi ta fakaici idonsa ta ɗan naɗa. Ga Sadiyya can ƙasa-ƙasa ta ɗauko baiti, sai wata ƙatuwar murya ta danne ta: "Ke Najwa! Ban hana ki ba? Kashe abin nan!" Nan naɗin ya ƙare.

Shi yake saurara yanzu in ya dawo aiki. Yakan manna wayar a kunne ko zai tsinci kalma ɗaya a ƙarƙashin tsawarsa, in ta ƙare ya ce da Najwa ta mayar masa farko.