Kiranberi da butar surukina

Muna sallame sallar asuba muka kama hanyar filin jirgi, ni da ƙanina da ya yi mini rakiya. 'Yata ta fari ce ta haihu a Landan, zan je in zauna mata har ta yi arba'in. Kada ku tambaye ni sunanta, kun san ba zan faɗa ba.

Tun a jirgi na fara jawo wa kaina. Na leƙa banɗaki, babu buta, sai takarda. Na koma kujerata na yi sallama da ruwa. Duk abin sha da ma'aikaciya ta miƙo, sai in girgiza kai.

Mijin 'yar tawa, wanda likita ne, shi ya tare ni. Ya durƙusa a tsakiyar Turawa ya gaishe ni, na amsa ina kallon akwatina. Muka hau jirgin ƙasa zuwa unguwarsu, Barking. Garin ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Gidaje a jere kamar an ja musu igiya, bas kuma tana zuwa a mintin da allo ya ce. Tsoho zai tsallaka titi da sandarsa, motoci su tsaya har ya gama, ba mai danna masa hon. Ranar da muka je Old Kent Road sayen kayan suna na ga manja da daddawa, har da kuka. Na tambayi kuɗin doya guda, da na ji amsa na mayar da ita a hankali kada ta ji ciwo.

Amma duk ranar fita ba na shan ruwa, ina wuni a matse. A mako na biyu ciwon mara da zafin fitsari suka taso mini, irin wanda na sha fama da shi a gida. Ga likita muna kwana gida ɗaya, amma da wane baki zan yi wa suruki zancen fitsari? Gara in koma Kano. Da zazzaɓi ya rufe ni, na ce wa 'yata a canza mini tikiti, sanyin garin bai karɓe ni ba. Jaririya a kafaɗarta, ta ce, "Umma, in kin tafi wa nake da shi a nan?" Tausayinta ya kama ni, na faɗa mata gaskiya ina kallon bango.

Washegari ta ce, "An yi miki booking a asibiti, likitar mace ce." Ban tambayi wanda ya yi ba. Likitar ta gwada ni, ta ba ni magani, ta yi mini faɗan ƙin shan ruwa. Muna dawowa na tarar da kwano a kan tebur cike da wasu jajayen 'ya'yan itace, girman magarya. Wai sunansu kiranberi. Na tauna ɗaya, tsami da bauri suka tattare mini fuska. Zoɓo marar sukari ya fi shi mutunci.

Surukina ya tsaya a ƙofar kicin, ya ba ni baya, yana yi wa matarsa bayani da muryar da ta fi ƙarfin kicin ɗin. "Ba magani ba ne, in ciwo ya kama sai asibiti. Amma yana hana ƙwayoyin cuta manne wa mafitsara, wasu mata yana rage musu dawowar ciwon. A nemi wanda ba a cika masa sukari ba. Mai shan maganin tsinka jini kuma sai ya tambayi likita." Ita tana ta "to", ni ina ta gyara wa jaririya hula, kuma ko kalma ɗaya ba ta wuce ni ba.

Na saba da kiranberin, har ina barbaɗa busasshen a kunun gyaɗa. Na cika arba'in cif, ciwo bai dawo ba.

A jirgin dawowa na buɗe jakar hannu zan ɗauko carbi, sai ga leda biyu ta busasshen kiranberi, da 'yar ƙaramar buta ta roba mai naɗewa. 'Yata ta ce mini daga baya ba ita ta saka ba.

Tafiyar nan ta koya mini cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ta kuma nuna mini mutumin da ya iya kula da lafiyata bai taɓa kunyata ni ba. Ina isa gida surukina ya kira ya ce, "Umma, ya hanya?" Na ce, "Lafiya ƙalau. Ruwa kofi uku na sha a jirgi. Allah ya yi maka albarka." Ya ce, "Amin, Umma."