Bindigar da Na Zaɓa da Ɗan Yatsa

Edita, ka ba ni ɗan fili in amayar da abin da ya daɗe a cikina. Lokacin da abin ya faru ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, haifaffen Jarwal a nan Makka, a zamanin da motoci suka fara yawa a hanyar Jidda amma raƙuma ba su daina shigowa gari ba. Iyayena sun rasu ina ƙarami, ƙanwar mahaifina ce ta riƙe ni, Goggo nake ce mata. Sana'ata dakon ruwa, kafaɗata ta san nauyin garwa, amma hannuna bai taɓa riƙe abin da ya fi wuƙar yanka albasa ba. Ga ni da son a ce na iya, ga ni da jin maganar duk wanda ya girme ni, ko da maganganun sun saɓa wa juna.

Goggo tana da 'ya guda da ta aurar a Sudan tun suna kan hanyar zuwa Makka, ba ta sake ganinta ba. Duk abin da ta samu a tuyar waina sai ta sayi ɗan rago, har suka zama garke. Niyyarta idan aikin Hajji ya zo ta sayar da su ga alhazai, ta hau jirgin ruwa ta je ta ga 'yarta da jikokin da sunayensu kawai ta sani. Da gida ya yi musu kaɗan sai aka kai su wani kwari bayan iyakar Harami, inda ake samun ciyawa bayan ruwan sama, aka yi musu shinge na ƙaya, ni kuma na ajiye garwa na koma kiwo. Ba a jima ba kura ta gano mu. Ta ɗauki ɗaya, ta dawo ta ɗauki wani. Goggo ta ware rago mafi ƙiba ta ce in sayar in nemi bindiga mai sauƙin kuɗi, tun kafin tafiyarta ta ƙare a cikin kura.

Daga nan ruɗanina ya fara. Akwai wani tsoho a lungunmu, maharbi ne a ƙasar Katsina kafin ya taho, Baba muke ce masa. Da na kai masa maganar sai ya gyara zama kamar na kawo masa tsaraba. Ya ce da ni ita bindiga ba a tambayar sunanta, bakinta ake dubawa. In zura ɗan yatsana manuni, in ya shige to wannan za ta kayar da kura, in bai shige ba to ta harbin tantabara ce, kada in ɓata ragon Goggo. Haka suke zaɓar adaka a gida, in ji shi, kuma bai taɓa jin kunya a dawa ba. Ni kuwa ban tsaya na yi tunanin cewa adaka ɗura mata albarushi ake yi ta baki, ta ci duk abin da aka ba ta ba. A kwarin kuma akwai wani Badawi da yake kiwon awaki kusa da ni. Shi da na tambaye shi dariya ya yi, ya ce in fara sayen harsashi, sannan in je in nemo bindigar da za ta ci shi. Na ɗauka zolayata yake yi, don dama ya saba tsokanata a kan Larabcina na cikin gari.

Ranar kasuwar wani ƙauye da ke bayan gari na tafi, domin a cikin Makka ba a yawo da makami. Wani dillali ya shimfiɗa bindigogi a kan darduma, duk tsofaffi ne, ragowar yaƙe-yaƙen da. Wannan ta Turkawa ce, waccan ta Ingila, ga ta Faransa, kowacce kuma da laƙabin da Larabawa suka sa mata, wata uwar biyar, wata uwar goma, gwargwadon harsashin da cikinta yake ɗauka. Kaina ya yi ta juyawa. Ya miƙo mini wata marar nauyi, ya ce ita ta dace da wanda bai taɓa harbi ba, ba ta dukan kafaɗa sosai, harsashinta kuma ko a wane ƙauye akwai shi. Na zura yatsa, ko farce bai shiga ba. Na ajiye ta ina jin kaina kamar wanda ya kama ɓarawo. Na yi ta bin su ɗaya bayan ɗaya ina zura yatsa, mutane suna kallona, har na kai ga wata doguwa baƙa mai cin harsashi ɗaya. Yatsana ya shige. Da na tambayi kuɗinta sai na ji ta fi duk sauran araha, na ce lallai Allah ya dubi Goggo.

Don Allah kada in zalunci dillalin nan, ya gaya mini gaskiya. Ya ce arahar tata saboda an daina kawo harsashinta ne, waɗanda zai haɗa mini da su, da ba su cika tafin hannuna ba, su ke nan gare shi, kuma sun girme ni. Amma an riga an koya mini cewa duk abin da dillali ya kushe shi ne mai kyau. Na naɗe ta a tabarma na kama hanya. Baba da ya gan ta ya shafa ta ya ce na yi saye irin na maza. Badawin da ya gan ta ya ce in harba ɗaya a jikin dutse in ji halinta. Na so in yi, sai na tuna kowane harsashi kura guda ne, in na ƙona ɗaya a banza ina zan samo wani? Na bi kasuwanni ina nuna harsashin, wannan ya ce na Faransa ne, wancan ya rantse na Turkawa ne, wani ya ba ni wanda ya yi kama da shi, na zo na gwada ya ƙi shiga. A ƙarshe ban san ma sunan abin da nake nema ba, na haƙura ban gwada ta ko sau ɗaya ba.

Wata safiya bayan na idar da sallar asuba, gari ya fara haske, na hango kurar tana zagaya shingen ta ɗaya gefen. Ragunan sun cure wuri guda suna rawar jiki. Na ɗora bindigar a kafaɗa yadda na ga ana yi, na runtse ido na ja kunama. Ƙas kawai na ji, ba ta tashi ba. Ba wanda ya taɓa gaya mini cewa tsohon harsashi yakan yi jinkiri kafin ya kama. Na sauke ta daga kafaɗa ina duba abin da ya same ta, bakinta ya koma kan garken, sai ta tashi. Gindinta ya doke ni a haɓa na faɗi, hayaƙi ya rufe ni, kunnena ya toshe. Da na miƙe, babban ragon da sauran suke bi yana kwance cikin jini, sauran kuwa sun keta ƙayar sun fantsama cikin duwatsu. Kurar ko ƙwarzane ba ta samu ba.

Ni da Badawin muka wuni muna hawa muna sauka, rana tana gasa mu. Wasu mun tarar sun karye a ramuka, wasu sai washegari muka ga ƙasusuwansu, wasu har yau ban san inda suka yi ba. Abin da muka tattaro bai kai rabin rabi ba. Na shiga gida da kumburarren baki na durƙusa gaban Goggo, ina jiran ta zage ni in samu sauƙi. Ba ta zage ni ba. Ta kama haɓata ta juya ta, ta tambaye ni ko haƙorana suna nan, ta tashi ta dafa ruwan zafi ta gasa mini. Washegari ta ɗauki tandarta ta fita kamar kullum. Ta sake fara tara raguna daga ɗaya, amma ƙarfinta ya riga ya tafi, ba su sake zama garke ba.

Har yanzu idan na zauna nakan rasa wanda zan ɗora wa laifi. Baba bai yi mini ƙarya ba, abin da ya sani ya faɗa, sai dai na wata ƙasa ne da wata irin bindiga. Dillali ya yi gaskiya na ƙi yarda. Badawi ya yi gaskiya na ɗauka wasa ne. Ni da na ji duka ukun na zaɓi maganar da ta fi yi wa girman kaina daɗi, shi ne abin da yake ci mini rai. Ina roƙon duk wanda larura ta sa zai riƙe bindiga karon farko, ya bar ruɗuwa da girman baki ko araha. Ya nemi wadda kafaɗarsa za ta iya, wadda harsashinta yake samuwa, ya je wurin wanda ya san irinta ya koya masa a fili har hannunsa ya saba, kuma in ta ƙi tashi kada ya kawar da bakinta daga inda ya nufa. Musamman idan abin da zai tsare ba nasa ba ne. Goggo a nan Makka muka binne ta, kuma ni aka sa na nemi alhazan Sudan in ba su saƙon rasuwarta su kai wa 'yarta.