Tarin da Ya Fito Daga Akurki

Uwar Kaji ake ce mata, har jikokinta ba su san tana da wani suna ba. Tun tana amarya take kiwo a bayan gida. Mijinta tsohon direba ne, tun da ya ajiye mota ya kafa kujera a ƙofar akurki, wai yana taya ta gadi, alhali gyangyaɗi yake yi.

Ciwon kaji kuwa ta san shi kamar surukin da ba ya sallama. Wata shekara ya zo da kumburin fuska, wata da zawo. Sai ta ware marasa lafiya, ta wanke mazubin ruwa, ya gaji ya tafi. Likitan dabbobi ya taɓa gaya mata cewa ƙwayar cutar kwafin kanta take yi, kuma ba ta iya kwafi daidai ba, kuskure kan kuskure har ta fito da sabuwar kama. Ya ce ranar da ta ga ciwon ya tsallaka daga kaza zuwa wata halitta ta kira shi, amma ta sani kajin duka za a kashe a binne.

Bana shiru ya zo. Kaji suka ci dusa da safe, da hantsi ta tarar da wasu a kwance, ɓul-ɓul da su, ba rai. Sauran suka daina kuka, sai wani siririn tari kamar ana tura ƙofa mai tsatsa. Ba ta gaya wa kowa ba. Da kyanwar gidan ta mutu a ƙarƙashin kujerar maigida, ta ce tsufa ne.

Tana zuba musu ruwa da rana tsaka ta ji tarin nan a bayanta. Ta waiga, ba kaza a wurin.

"Malam, kai ne?"

"Mura ce," ya ce yana murmushi. "Ko kin fara lissafa ni cikin 'ya'yanki?"

Ya sake yin tarin. Daga cikin akurki wata ta amsa masa, iri ɗaya sak, sai wata, sai wata.

Ta ajiye bokitin a hankali.

"Tashi daga nan ka sa takalmi. Asibiti za mu."

"A kan mura?"

Ta riga ta danna lambar likitan. Wayar na ringi ta ji wani ƙaiƙayi can ƙasan maƙogwaronta. Ta danne shi da ƙyar, don ta samu ta gama magana.