Koriyar Ciyawa a Ƙofar Clarrie

Shekara talatin da ɗaya muna maƙwabtaka da Clarrie Voss. Direban motar shanu ne kafin gwiwa ta zaunar da shi. Abin alfaharinsa ɗaya ne: lokacin da fari ya afka wa garinmu aka hana ban ruwa, shi ya fara tara ruwan wankansa a bokiti yana kora ban-ɗaki da shi.

Wata rana takardar wani kamfanin inshora ta zo masa, wai ya riƙa biyan ɗan wani abu duk wata saboda bututun ruwan da ya taso daga mita zuwa gida, don in ya fashe, gyaran na mai gida ne. 'Yarsa Raelene ta ce masa a waya, "Baba, ka saya mana, bututun nan ya girme ni."

Ya miƙo min takardar ta kan shinge. "Kai Norm, tsohon kurma, me ka gani?"

Na ce, "Wa ya binne bututun?"

"Ni, da hannun nan."

Na ce to ai shi ke nan. Ya kunna murhu da takardar. Har yau maganar nan tawa tana damuna.

A shekara ta uku ta farin, ko'ina ya ƙone, sai ga ciyawa shar a ƙofarsa, faɗin gado. Bututun ne ke yoyo a ƙasa, ba wanda ya sani. Noeleen ta gidan da ke kallonmu, wadda furanninta suka mutu kaf, ta tare shi a kanti.

"Sannu, sarkin bokiti! Mu muna wanka da kofi, kai kana shayar da ciyawa a ɓoye?"

Wani ya rubuta "ɓarawon ruwa" a akwatin wasiƙarsa. A kulob aka daina matsa masa kujera.

Mai gyaran famfo ya gano yoyon, amma sai an fasa simintin ƙofar gida, aikin da fanshon Clarrie ba zai ɗauka ba. Kamfanin inshorar kuma suka ce ba sa karɓar abin da ya riga ya fashe. Na bi gida-gida ina bayani, aka ce ai dole in kare abokina.

Sai Clarrie ya rufe ruwan daga mita. Kullum da safe ya buɗe na minti goma, ya cika bokitai, ya rufe. Cikin sati uku ciyawar ta bushe.

Noeleen ta ce min, "Ka gani ko? Da aka kama shi ai ya daina."

Kafin Kirsimeti Raelene ta zo ta tafi da shi garin Toowoomba. Bai yi sallama da kowa a layinmu ba, har ni.