Layin Hauwa da Nasiru Ya Goge

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanina Nasiru, bayan gajeriyar jinya. Ni ban yi nisa a boko ba, har ya bar duniya ban iya karanta abin da yake rubutawa a kwamfuta ba. Abin da na sani, wata ƙungiyar manoma a Gusau ta ɗauke shi aiki. Yana rubuta wa kwamfuta umarni da wani yare mai suna Python, ita kuma ta tace jadawalin waɗanda za a ba iri: kowa da layinsa, suna, ƙauye, ranar haihuwa.

Wata shekara ya umarce ta da ta goge duk layin da ya maimaitu. A 'Yankuzo akwai Hauwa Usman biyu, kuma masu ɗaukar suna sun rubuta wa kowacce ɗaya ga Janairu, kamar yadda ake yi wa duk wanda bai san ranarsa ba. Kwamfuta ta ɗauke su mutum ɗaya, ta goge layin ɗaya. Ɗayar, mai marayu huɗu, ba ta samu iri ba har shuka ta wuce.

Da ya gano, ya hau babur ya je ya same ta. Ba ta yi masa faɗa ba. Ruwa ta kawo masa, ta yi masa ban gajiya.

"Yaya," ya ce mini da ya dawo, "da zagina ta yi, da na fi samun sauƙi."

Tun daga nan ya ƙara gurbin sunan da gari ke kiran mutum da shi, ya kuma hana kwamfutar goge kowa. Sai dai ta ware masu kama da juna, shi ya bi su ƙauye-ƙauye, daga Tsafe har Bungudu.

Yau hanyoyin nan ba sa biyuwa saboda 'yan bindiga. Da yawan mutanen jadawalin sun watse, wasu suna raɓe a Damba da Tudun Wada, cikin Gusau. Malama Saratu, wadda ta gaji kujerarsa, ta ce mini bana an matsa mata ta gama tacewa a yini ɗaya, don damina ta kusa. Ban san me Nasiru zai ce ba, tunda yanzu babur ɗin ma ba zai kai shi can ba.

Ya rasu bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Amma Saratu ba ta goge kowa ba. Ta sha faɗa a ofis, tana nan tana bin mutanen a waya, ɗaya bayan ɗaya. Wasu lambobin ba sa shiga. Ta bar layukansu.

Allah Ya jiƙanka, Nasiru.