Hanyar Bayan Gari da Gaisuwar Iya

Ni dai ban taɓa shiri da cikin birnin Kano ba, in dai a mota ne. A babur ba ruwana, amma ka sa ni bayan sitiyari, adaidaita sahu ta dama, tirela ta hagu, sai in ji kamar in buɗe ƙofa in bar musu motar. Wanda ya tashi a Kura, inda kana tsaye a kan kwalbati kana hango ƙarshen gonakin shinkafa, ba a yi shi don ya zauna wuri ɗaya yana shaƙar hayaƙin salansa ba.

Wani rani, tumatir ya nuna ko'ina, aka bugo waya bayan la'asar daga wani ƙauye can gaban Kankiya. Yayar mahaifiyata, wadda muke kira Iya, jikinta ya yi tsanani. Ta daina karɓar ko kunu, sai kiran ƙanwarta take yi. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Inna ta ajiye wayar ta ce, "Direba, gobe za ka kai ni. So nake in same ta da rai." Ni ne ɗan farinta, ba ta faɗin sunana, kuma tun da na sayi wata tsohuwar mota don kai albasa kasuwa ta samu abin kirana.

Tafiyar dare a wannan hanya ba ta mai hankali ba ce, sai dai sammako. Amma miƙaƙƙiyar hanya daga wurinmu dole ta ratsa birni kafin ka kama titin Katsina, ga shi lokacin ne manyan motocin tumatir ke tururuwa. Inna kuma tana da asma. Na taɓa maƙalewa da ita a cunkoson shiga gari, numfashinta ya riƙa sama-sama ina yi mata fifita da kwali. Ban manta ba.

Na kasa zama a gida. Na tafi majalisarmu ta bakin injin casar shinkafa na baje maganar, kowa ya zama direba. Wannan ya ce in bi baifas, wancan ya ce shi jiya ya wuni a can bayan wata tirela da ta mutu a tsakiyar titi. Wani ya ce in tashi kafin kiran sallar farko, aka ce ai motocin kwanduna ma lokacin suke tashi. Can sai mai injin, wanda ya yi karen mota a ƙuruciyarsa, ya share buntun shinkafa da tafin hannu ya zana mini hanya da yatsa.

"Ka yanke ta yamma," in ji shi. "Ka bi ta Madobi ka ɓulla Kabo, ka tsallaka titin Gwarzo, ka miƙe ta ƙasar Bagwai har ka faɗo titin Katsina wajen Bichi. Birni ko hayaƙinsa ba za ka gani ba. Akwai zagaye, amma ai hanyar lafiya a bi ta da shekara."

Na sa shi ya maimaita har na haddace. Na je na sha mai, na ƙara iska a taya, na dawo gida ina jin kaina kamar na ci birni da yaƙi. Da na faɗa wa Inna, sai ta ce, "Ta Kabo?" Na ce e. Sai ta tashi ta shiga ƙulla goro da sabulu a leda daban-daban, ta sa aka kasa albasa kashi-kashi. Ina kallo, ban kawo komai a raina ba. Duk lissafin da muka yi a bakin inji, babu wanda ya tuna cewa a ƙasar Kabo aka haifi Inna da Iya, kuma danginsu na jere a bakin wannan hanya kamar kwalbatoci a jikin kanal.

Muka fita bayan asuba. An saki ruwa a kanal, masu ban ruwa na tafe da fartanya a kafaɗa, iska mai sanyi na shigowa ta taga. Motar tana gudu yadda nake so. Ba mu daɗe da wuce Madobi ba Inna ta taɓa kafaɗata.

"Rage gudu. Ka ga gidan can mai bishiyar darbejiya? Kawunka ne."

"Inna, Iya fa na jira."

"To wucewa za mu yi ta ƙofar ɗan'uwa kamar ɓarayi? Gaisawa kawai za mu yi."

Duk wanda ya san gaisuwar ƙauye ya san babu kawai a cikinta. Aka shimfiɗa tabarma, aka tambayi gajiya, aka tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, aka tambayi ruwan bana da kuɗin taki. Aka kawo koko da ƙosai, aka ce rantsuwa ce sai mun taɓa. Ni ina tsugune a zaure ina kaɗa makullin mota.

Gaba kaɗan sai gidan 'yar goggonta da mijinta ya rasu bara, Inna ba ta samu zuwa ta'aziyya ba. Wannan ba ni da bakin hanawa. Gaba kuma sai gidan da aka haife su, wanda yanzu jikokin baffansu ke ciki. Nan kam har maƙwabta suka shigo, kowace tsohuwa da nata, "Ki gaishe mini da ita." Wayata ta yi ta ruri a aljihu. Ɗan Iya ne, tambayarsa ɗaya, kun iso ina, kuma kowane kira muryarsa na ƙara yin ƙasa. Na yi gudun gara na faɗa gidan zago. A cunkoson birni ko ba komai kana iya danna oda ka zagi na gabanka ka huce. A nan wa zan zaga? Mutanen da ke riƙe da ni fura suke miƙo mini.

Rana ta take kafin mu shiga ƙasar Bagwai, lokaci na ta ƙure mana. Muna dosar wani ƙauye mai ƙatuwar tsamiya a bakin hanya Inna ta sake cewa, "Direba, rage gudu. Nan ƙawar Iya take aure, tare suka yi tallar gyaɗa suna yara."

Na taka mai. Na ce, "Inna, ki gafarce ni, nan kam ba zan tsaya ba."

Ban taɓa ƙin maganarta ido da ido ba sai ranar. Ta juya ta bi tsamiyar da kallo har ta ɓace, sannan ta gyara mayafinta. Har muka wuce Kankiya tsoro biyu na cike da ni, na fushinta da na abin da za mu tarar.

Mun sami Iya da rai. Tana kwance a tabarma, ta zama 'yar mitsitsiya. Inna ta durƙusa ta riƙe hannunta. Can Iya ta buɗe ido ta ce, "Ta ina kuka biyo?"

"Ta gida, Yaya."

Sai na ga fuskar Iya ta saki. Inna ta shiga sauke mata saƙonni, wane ya ce a gaishe ki, wance ta ce a gaishe ki, har da tsofaffin maƙwabta. Kowane suna aka ambata, Iya sai ta motsa leɓe ta ce, "Ina amsawa." Da aka gama sai ta tambayi ƙawarta ta gindin tsamiya.

Inna ta ce, "Ba mu tsaya ba, Yaya. Direbanmu ya ƙi."

Na sunkuyar da kai. Sai na ji wata 'yar dariya da ƙyar take fita daga bakin Iya. "Ya yi daidai. Bakin waccan ba ya gajiya, da kun tsaya sai dai ku tarar da tabarma. In za ku koma, ku ce ina gaishe ta."

Kafin a kira magariba Allah ya karɓi abinsa.

Bayan addu'ar uku, ɗan Iya ya ce mu bi ta birni, ya fi kusa. Na ce a'a, akwai saƙo a hannunmu. Na tsayar da mota a gindin tsamiyar ba tare da an taɓa kafaɗata ba. 'Ya'yan gidan suka tare mu a zaure suka ce sun ji rasuwar, amma sun rasa bakin faɗa wa tsohuwa. Inna ta ce su bar mata, saƙo biyu ne, kuma na farko ya riga na biyu.

Tsohuwar tana zaune a inuwar ɗaki tana ɓare gyaɗa da lalube, idonta ya tafi. Suka gaisa gaisuwar nan mai tsawo, ni kuma wannan karon ban taɓa makulli ba. Sannan Inna ta ce, "Yaya ta ce a gaishe ki."

"Ina amsawa, ina amsawa!" Ta ture kwaryar gefe. "Ashe ja'irar tana tunawa da ni. In kin koma ki ce mata na ce ita ce babbar mara zumunci, ki ce mata..."

Inna ta kamo hannunta ta riƙe. Tsohuwar ta tsaya da maganar a bakinta. Ta daɗe tana shafa bayan hannun Inna da babban yatsa.

"Babu mai kai amsar ke nan?"

Inna ta ce, "Babu."